Wasiƙa daga Kochi

Ranar da damina ta buɗe baki a Gowa
masinjan gidan waya ya zo da karyayyiyar lema,
ya miƙa wa kakata Shevanti ambulan
mai hatimin Kochi, gefensa a jiƙe.

Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa.
Baƙaƙe ne dunƙule-dunƙule
kamar igiyar ɓawon kwakwa da aka nannaɗe.
Ni da na yi aji goma sha biyu,
na iya na Turawa,
na iya masu rataye a layi kamar shanya,
waɗannan kuwa ban san gabansu da bayansu ba.

Ta ce, "Ɗauko lema. Mu je wurin mai faci."

Kunjumon mutumin Kerala ne,
shekara tara yana liƙe taya a hanyar Madgaon,
Konkaninsa bai wuce gaisuwa da kuɗin faci ba.
Ya goge baƙin mai a jikin wando,
ya karɓi takardar da yatsu biyu.
"Rubutunmu ne," in ji shi.
Sai ya yamutsa fuska.
"Amma maganar ba tamu ba ce."

Kaka ta zauna a kan tsohuwar taya.
"Karanta kawai.
Kai ka kawo ido, ni na zo da kunne."

Ya fara, gaɓa-gaɓa,
kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu,
yana furta abin da bai sani ba,
ruwa na dukan kwanon rufi.
Daga bakin baƙo harshen gidanmu ya fito,
yana ɗingishi, amma shi ne.

Ɗan ƙanwarta ne, Vittaldas,
wanda ya sha Konkani a nono,
ya koyi baƙaƙen Malayalam a makaranta.
Varija ta rasu watan jiya.
Kunjumon ya wuce wurin da murya ɗaya,
yadda zai karanta kuɗin bawul.
Sai da ya ga hannun Kaka ya damƙe gefen sari
ya tsaya. Ya dube ni.
Na ce ci gaba.

"Kwana ukun ƙarshe kalma ɗaya take maimaitawa.
Mun tambayi dattawan unguwa, ba wanda ya sani.
Ga ta nan, yadda kunnena ya ji."

Mai faci ya yi tuntuɓe a kanta sau biyu.
A na uku Kaka ta yi dariya,
dariyar da hawaye ya riga ta isa haɓa.
Ta gyara masa. Ta ja wasalin ƙarshe ta hanci.

Iska ce, in ji ta,
wadda ke zuwa gabanin ruwan farko
ta kifar da kwandon barkonon da aka shanya.
Uwarsu ce ke ƙwala ta daga bakin rijiya,
su biyu su ruga kwashe shanya.
"Ba ciwo take faɗa ba.
Ce mini take yi in yi sauri."

Ni ban taɓa jin kalmar ba.
Shekara ashirin muna cin shinkafa a tabarma ɗaya,
ta yi mini Konkani, in amsa da Turanci,
ina ganin ai duk ɗaya ne.

Amsar ta ɗauke mu yamma biyu.
Kaka na faɗa, ina maimaitawa a hankali,
Kunjumon na nannaɗe ta cikin baƙaƙensa,
yana tashi in babur ya tsaya.
Ya ƙi karɓar ko rufi ɗaya.
Ta kai masa kifi soyayye a ganyen ayaba.

Bana, kafin ruwan farko,
na bi ta gaban rumfarsa.
Iska ta taso, ta kwashe masa ledoji,
na ji ya ɗaga kai ya kira sunanta,
bai ja wasalin ta hanci ba.

Na tsaya na gyara masa.